Matatar ruwan da na daka a turmi

Har yau ban ga dalilin da mutum zai bar gidansa mai famfo ya hau dutse ya kwana a tanti yana shan ruwan rafi ba. Mu da muka sha shi a kan dole, ga tabonsa nan a idon sawuna, inda kurkunu ya fito mini ina budurwa. Amma mijin 'yata, injiniya, abin da ya ɗora wa kansa ke nan tun da ya zauna a Manchester. Duk hutu sai ya saɓa jaka ya nufi duwatsu.

Yana da wata 'yar matatar ruwa kamar gaɓar rake. Ranar da na zo gidansu a unguwar Gorton daga wurin ɗana na Birmingham, na iske ta a kicin, na ɗauka zan haɗa da wanke-wanke. Bai yi mini magana ba, don ni da shi gaisuwa ce kawai, ita ma daga bakin ƙofa, kamar yadda ake yi da suruki. 'Yata ya kira, ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Ki gaya wa Hajiya wannan ba kwanon miya ba ne. Ba a sa mata sabulu, ba a sa ruwan zafi. In an dawo, ruwa mai kyau ake tura mata ta baya da sirinji, a bar ta ta tsane. In kuwa ta daskare tana jiƙe, zaren cikinta ya fashe, ta tashi aiki ko ido bai gani ba. Shi ya sa a daji cikin rigata nake kwana da ita."

Na ajiye masa abinsa, na riƙe maganar. Ban yi boko ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

Da sanyi ya kama, ya dawo daga wata tafiya, ya wanke ta, ya ɗora a kan taga ta waje don ta tsane, ya manta. Da safe na fita kwashe zanena daga igiya, na iske ya sandare kamar ƙirgi. Ruwan bokiti ya zama dutse. Matatar kuma ga ƙanƙara nan a bakinta. Kwana uku ta yi a wurin. Rana ta uku ya fito, ya waiga dama ya waiga hagu, ya jefa ta aljihu. Ina tsaye a bayan labule.

Da shi kaɗai zai sha, da na bar shi da cikinsa. Sai na ji ran Asabar da jikata zai tafi, 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda bara ciwon ciki ya kwantar da ita mako guda a asibiti har idanunta suka faɗa.

Na gaya wa uwarta. Ta ce, "Umma, don Allah. Shi fa ya san kayansa." Amma ta je ta faɗa masa. Ya shigo kicin, ya tace ruwan famfo a kofin gilashi, ya ɗaga shi saitin fitila.

"Nuna wa Hajiya," in ji shi. "Fes."

Na juya na ce wa bango, "Wanda ya sa mini kurkunu ma fes yake."

Ya yi dariya, ya faɗi wani abu da Turanci. Jikata ta sunkuyar da kai, sai na san ba yabo ba ne. Daga baya na tsare ta a matakala.

"Ke, me ubanki ya ce?"

"Nothing, Kaka."

"Zan murɗe miki kunne."

"Wai a garinku da ɗankwali ake tace ruwa."

Bai yi ƙarya ba, da shi muka tace. Sai dai ɗankwali in ya yage, mai shi tana gani, kuma ba ta ɓoye shi a aljihu.

A gidanmu, tulun da ya tsage ba a mayar da shi cikin 'yan'uwansa. Uwata fasa shi take yi nan take, a ba kaji ruwa a tsingaron, don kada wata ta ɗauka ta tafi rijiya da shi. Ran Juma'a, yana fita masallaci, na zare matatar daga gefen jakarsa, na sa a ɗan turmina na dakan yaji. Taɓarya uku ta ishe ta. Fararen zare suka fito kamar taliya. Na juye a faranti, na ajiye a kan tebur, na zauna.

Da ya dawo ya gani, bai nemi 'yata ba. Gabana ya zo ya tsaya.

"Hajiya, ke kika yi wannan?"

Shekara goma sha huɗu ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ranar na kalla.

"Ni ce. Kwana uku ta yi a taga da ƙanƙara a baki. Na ga sanda ka ɗauke ta kana waige-waige. In ƙarya nake yi, faɗa a gaban 'yarka."

Yarinyar tana bakin ƙofa tana kallonsa. Bai faɗa ba.

"A gidana?" ya ce.

"A gidanka. Yarinyar dai ba kai kaɗai ke da ita ba."

Ran Asabar sun tafi, jakarsa cike da gorunan ruwa, har yana rangaji kafin ya kai mota. Ran Lahadi ɗana ya iso daga Birmingham, ba ni na kira shi ba. 'Yata ce ta haɗa mini kaya, ba ta ɗago kai ba har ta gama. Na ce ta sa mini turmina, don nawa ne.

Tun daga nan gaisuwarsa ta bakin 'yata take zuwa, ni ma ta nan nake mayarwa, kuma ban sake taka Gorton ba. Jikata ce ke kirana a waya. Ta ce an sayi sabuwar matatar ruwa, a hannunta take, in sun je daji cikin rigarta take kwana. Na ce in sun dawo ta shanya ta a ɗaki, kuma kada ta ba ubanta ajiya.