Zanen Gado Mai Ƙulli

Gwaggo shekararta ashirin da biyu tana wankin zannuwan gado a asibiti, kuma duk asibitin nan, daga likita har mai gadi, babu wanda ya kai ta tsoron mutuwa. Ba irin tsoron kowa da kowa ba fa. Matar nan ko gidan rasuwa ba ta zama. Daga bakin ƙofa za ta ce Allah ya jiƙa, ta zura takalmi, kafin a amsa mata ta kai titi. Ɗakin ajiye gawa bango ɗaya ne da ɗakin wankinsu, amma ta gwammace ta zagaya ta bayan janareto, ta taka kwata, da ta bi ta gabansa. Salla kam ba ta wasa da ita, sai dai addu'arta ɗaya ce kullum: Allah ka ƙara mini kwana. Ko aljanna ba ta roƙa sosai, don ta san hanyar da ake bi a je.

A ɗakin wankin akwai ƙa'ida. In mutum ya cika a kan gado, nas za ta ƙulle gefen zanen kafin ta jefa shi cikin kwandon wanki, don a jiƙa shi daban da magani. Gwaggo ba ta taɓa mai ƙulli. Da sandar tsintsiya take ture shi wajen Mai Guga, wani tsoho mai sanƙo wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Gwaggo, ga saƙonki ya iso," haka yake cewa.

"Naka ne, tsohon banza. Kai ne a gaban layi."

"Layin nan ba a bin shekaru, hajjaju."

Sai ta tofar da yawu, ta ƙi kula shi har a tashi aiki.

Ana nan aka kwantar da yayarta a hawa na biyu, ɗakin mata, gadon da ke jikin taga. Ƙodarta ce ta gaza. Wannan Yaya ita ta goyi Gwaggo bayan uwarsu ta rasu, ita ta yi mata kitso, ita ta aurar da ita, da auren ya mutu ita ta karɓe ta. Likita bai ɓoye ba, ya ce a yi ta addu'a. Yaya kuwa abu ɗaya ta nema: ƙanwarta ta hau ta zauna kusa da ita.

Matakala talatin ce tsakaninsu, wallahi talatin. Gwaggo takan hau, ta tsaya a bakin ƙofa, ta hango ƙafafun Yaya a kumbure cikin zane, sai ta ja da baya. Sai ta miƙa wa 'yar Yaya ledar kayan da ta wanke, ta karɓi kaya masu dauɗa, ta sauko da gudu. Abin da ta iya shi ta yi. Ta wanke rigunan Yaya da hannunta, ta goge su har suna sheƙi, ta ninke kamar na kanti. A ranta ai jinya take yi.

Ran nan 'yar Yaya ta tare ta a matakala, ido jajawur.

"Gwaggo, Mama ta ce in gaya miki ba wanki ta aika a yi mata ba. Fuskarki take so."

"Zan shigo, 'yar nan. Gobe da safe."

"Jiya ma gobe kika ce. Ki ci gaba da guga, ma sa mata a kabari."

Kwana tara ana wannan goben.

Ranar Laraba da hantsi kwandon hawa na biyu ya sauko. Gwaggo ta tsaya a kansa, tana ɗaga zannuwa ɗaya bayan ɗaya da yatsa biyu tana duba gefe. Babu ƙulli. Ta saki ajiyar zuciya, ta ce alhamdulillahi, ta zuba hannu ciki har gwiwar hannu.

Mai Guga ya ajiye dutsen gugarsa. Yau babu dariya a fuskarsa.

"In ƙulli kike nema a kayan sama, ki daina wahalar da kanki. Tun da aka canza musu nas-nas ba a ƙullawa. Yaran ba wanda ya koya musu."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai. Na yi shiru ne don kar ki sume mana a nan. Wannan da ke hannunki ma, na matar gado na huɗu ne, ɗazu aka fita da gawarta."

Gwaggo ta ƙame. Tana jiran ihu ya fito, bai fito ba. Ta dubi zanen. Fari ne, da ɗan tabon shayi, da alamar inda kai ya kwanta. Ta ɗauko wani ta haɗa su, ta juya, ta sake juyawa. Wallahi ta kasa gane na mai rai da na mamaci. Wata bakwai ke nan tana cuɗa su da hannunta, ta ci abinci da hannun, ta yi alwala da shi, ta ɗaga shi tana roƙon ƙarin kwana, kuma ba abin da ya same ta. Ta zauna a kan bokiti. Ashe duk masu kwanciyar nan hannu ɗaya ke riƙe da su, wanda zai tashi ya koma gida da wanda ba zai tashi ba. Ubangijin da take roƙo a nan ƙasa, shi ne dai a can inda ake zuwa, ba wani za a miƙa ta gare shi ba. Shekara da shekaru tana gudun a kai ta wajen wanda take yi wa sujada sau biyar a rana.

Ko hannu ba ta goge ba ta hau.

Ta shiga har bakin gadon. Yaya ta rame, ta koma kamar yarinya, idonta a buɗe amma ya yi hazo. Gwaggo ta kama hannunta.

"Yaya, ga ni."

Yaya ta juyo a hankali. "Nas, sannu da aiki. Don Allah in kin sauka ki kira mini ƙanwata. Tana ƙasa tana wanki."

"Ni ce, Yaya. Ni ce fa."

"Kar ki yi mata faɗa. Tsoro take ji. Tun tana ƙarama haka take."

Gwaggo ta faɗa ta sake faɗa, ta kira mata sunan da Yaya ke kiranta da shi tun tana goye, a banza. Da ta ga ba ta da mafita sai ta ce, "To, zan kira ta." Ta ja kujera ta zauna. Tana jiƙa mata leɓe da auduga, tana maimaita kalmar shahada a kunnenta, Yaya na motsa baki tana bi. Bayan azahar numfashin ya fara nisa da juna, sannan ya tsaya. Gwaggo ba ta gudu ba. Ita ta rufe mata ido, ita ta daidaita mata ƙafafu. Abin da ya ba ta haushi ma, sauƙin abin. Wannan ne? Don wannan ta bar matar da ta goye ta kwana tara tana kallon ƙofa?

'Yar Yaya ta je karɓo magani, ta dawo ta tarar an gama. Ta yi kukanta mai isarta, sannan ta dubi Gwaggo sama da ƙasa.

"Ashe kin san hanya. Ta gane ki?"

Da ta ce e, da shi ke nan, ba wanda zai ƙaryata ta, daga ita sai Allah. Gwaggo ta ce, "A'a. Ta ɗauka ni nas ce. Ta aike ni in kira kaina."

Yarinyar ba ta sake yi mata magana ba har yau, ko a biki suka haɗu gaisuwa ce a tsaye.

Gwaggo tana nan tana wanki. Lokacin hutun rana, maimakon ta zauna cin abinci, sai ta hau sama ta nemi gadon da ba mai jinya, ta ja kujera. Masu shara suna cewa ta zama waliyyiya, dangi suna cewa neman suna ne, da ta iya ai da ta yi wa tata. In an gaya mata sai ta ce gaskiyarsu, ba ta musu. Tsoro dai ya tafi, ta daina roƙon ƙarin kwana, yanzu gafara take roƙa da kyakkyawan ƙarshe. Mai Guga ya taɓa tambayarta ko yanzu har marmarin tafiyar take yi.

Ta ce, "Ba marmari ba ne. Yaya ce ta aike ni, ban kai saƙon ba. In na je sai in gaya mata na zo."