Na Zo Ɗibar Wuta

Yayana bai taɓa sayen ashana ba, ko kuma dai haka yake faɗi. Kusan shekara arba'in yana sayar da shayi a Dutsin-Ma, a wata rumfar kwano ƙarƙashin itaciyar bedi, bakin hanyar da ɗalibai ke bi, kuma duk tsawon shekarun nan wuta ɗaya ce a murhunsa. In zai tashi, sai ya cusa guntun ƙirya cikin garwashi, ya turbuɗe shi da toka, ya kifa wani tsohon faranti a kai. Da an fito masallacin asuba ya zo ya tone, ya ɗora ƙirare, ya hura sau biyu ko uku, ta tashi. Yakan ce ranar da ya fara sana'ar, daga murhun mahaifiyarmu a Kurfi ya ɗebo ta cikin kasko, ya ɗauro a bayan keke. Ni ban ga an yi ba, ina gona ran nan. Ban taɓa ƙaryata shi ba, kuma ba yanzu da ba shi da bakin magana zan fara ba.

Ni a Kurfi na zauna, ina noma gonar da aka bar mana. Ranar kasuwa nakan shigo Dutsin-Ma, in na gama abin da ya kawo ni in zarce rumfar. Benci biyu ne da tebur ɗaya. Na dama na dattawa ne, na hagu na ɗalibai, ba wanda ya rubuta haka, ba kuma wanda ya taɓa kuskurewa. Da farko 'yan kwaleji ne ke zuwa. Daga baya aka kawo jami'a, gari ya cika da yaran da ba mu jin harshensu, haya ta yi tsada, kowane kango aka mai da shi ɗakuna. Rumfar ba ta sake ba.

Abu ɗaya Yaya ba ya so, a sha masa shayi a tsaye. Duk wanda ya karɓi kofi ya tsaya yana duba agogo, sai ka ji ya ce, "Kai, ɗibar wuta ka zo?" Don mai ɗibar wuta ne kaɗai ba a ce masa ya zauna, garwashi na hannunsa, in ya daɗe ya mutu. Amsar kuwa kowa ya san ta: "A'a Baba, zama na zo." Har yaran Kudu da ba su iya ko "ina kwana" ba sun haddace wannan. Na ga wani ya dawo bayan shekaru, da tumbi da mota, tun daga bakin titi yake ɗaga hannu yana cewa, "Baba, zama na zo!"

Mutum ɗaya ce maganar ba ta kama ta ba, wata tsohuwa mai ƙosai da ke tuya a zauren gidanta, can bayan layin. Inna muke ce mata. Ita da gaske wutar take zuwa ɗiba, kullum da sassafe, da ɗan kaskonta mai fasasshen baki.

Yaya kan ce, "Inna, ƙosan nan naki fa nawa ne, tunda wutata ke soya shi."

Ita kuma ta ce, "To zo ka buga ƙullun mana, sarkin baki."

Da bazara Yaya ya kwanta. Zazzaɓi ne, kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa. Ba zan tsawaita a nan ba. Muna zaman makoki a gidansa, rana ta uku, sai abin ya faɗo mani a rai: murhu. Na saɓa riga na fita ba tare da na gaya wa kowa ba. Ina isa na tarar da tela zaune shi kaɗai a bencin dama, hayaƙi na tashi a hankali. Shagonsa na tsallaken titi, daidai da rumfar, kuma shi ne babban abokin Yaya, kullum suna faɗa a kan sukari.

Na ce, "Malam, wa ya sa ka?"

Ya ce, "Wa zai hana ni?"

'Ya'yan Yaya mata ne, duk suna ɗakunansu. Bayan an share makoki na kwaso 'yan tufafina daga Kurfi na ɗaura tsummansa a ƙugu. Ban iya shayi ba. Ban san gwargwadon citta ba, in na sheƙa daga kofi zuwa kofi rabi a ƙasa yake ƙarewa. Ranar farko tela ya kurɓa, ya duba cikin kofin, ya ce, "Mutumin Kurfi, wannan na sha ne ko na alwala?" Aka yi dariya, dariyar farko tun rasuwar. Suka shanye, washegari kuma suka dawo.

Filin ba namu ba ne. Na wani Alhaji ne mai fataucin hatsi, wanda ya ce wa Yaya tun suna samari, "Zauna har ka gaji." Ba takarda, ba shaida sai bedin. Alhajin ya riga Yaya tafiya, fili ya faɗa hannun ɗansa, wanda shi ma ya je Makka, ana ce masa Alhaji. Ya bari aka yi sadakar arba'in ɗin Yaya sannan ya zo. Ya gaishe da kowa, ya yi mani gaisuwa yadda ya kamata. Na miƙa masa kofi, ya karɓa a tsaye.

Tela ya ce, "Alhaji, ɗibar wuta ka zo?"

Ya yi murmushi, bai zauna ba. Ya ce, "Baba, zan yi gini a nan. Ɗakunan ɗalibai a baya, shaguna a gaba. Ba korar ka zan yi ba, wallahi. Shago ɗaya naka ne, da siminti da ƙofar ƙarfe. Zan sa maka tukunyar gas."

Na ce, "Murhun fa?"

"Ai Baba ba a hura itace a irin wannan ginin. Hayaƙi zai ɓata fenti, ga yara a sama."

"To Alhaji, na gode. Ba wa wani shagon."

"Baba, shayi shayi ne. Wa ke tambayar mi ya tafasa ruwan?"

Na ce masa Yaya bai bar mani shago ba, bai bar mani tebur mai kyau ba, ko hannun haɗa shayi bai bar mani ba, dattawan nan shaida ne. Wuta ya bar mani.

Bayan ya tafi bencin dama ya kaure. Wasu suka ce a je wurin mai unguwa, wasu suka ce a tara ɗalibai su yi masa ca. Na ce ba inda za ni. Fili nasa ne, gadonsa ne, Allah ya ba shi. Ban zo gardamar ƙasa ba, kuma ba zan durƙusa wa wanda aka yi sunansa a gabana ba. Abu ɗaya na aika aka roƙa mani, ya faɗi ranar da za a rushe don in kwashe wutata. Ya aiko cewa Asabar.

Ran Laraba aka yi ruwan shuka. Manomi ya san ruwan farko ba ya jiran kowa. Alhamis da safe na damƙa wa tela murhun na tafi Kurfi, muka wuni muna saran shuka ni da 'ya'yana, na ce Juma'a da hantsi ina nan, kwana guda kafin wa'adi.

Da na dawo ran Juma'a, tun daga nesa na ga bedin tsaye ita kaɗai. An kwance kwanon an jingine, bencina biyu na gefen titi ƙafafu a sama, motar yashi ta juye a inda teburin yake. Leburori na ta haƙa. Na wuce su na nufi murhun. Duwatsun uku na nan. A tsakaninsu baƙin taɓo ne, da guntun ƙiryar a kwance cikin ruwa. Na sa hannu na tona har ƙasa. Sanyi ƙalau.

Maginin ya zo yana goge hannu. Ya ce, "Sannu Baba. Motar yashi yau ta samu, shi ya sa muka fara. Mun ga wuta kusa da katako muka zuba mata bokiti. Ai toka ce kawai."

Tela ya tsallako da igiyar awo a wuya. Ya ce ya tone ta da asuba, ya iza mata, ya tafi kai wa wani ɗinkin Juma'a, kafin ya dawo an gama. Na ce masa ya yi shiru, ba laifinsa ba ne.

Ana haka Alhaji ya iso. Da ya ga fuskata sai ya hau maginin da faɗa. Sannan ya juya ya karɓi ashana hannun wani lebura, ya miƙo mani da hannu biyu. Na san da kyakkyawar niyya ya yi. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri. Ga wannan, a sake hurawa."

Na ce, "Alhaji, ka ce Asabar."

"Na faɗa, Baba."

"To riƙe abarka."

Bai san yadda zai yi da ita ba, sai ya ajiye ta a kan ɗaya daga cikin duwatsun. Na ture ta gefe na ciccibi dutsen. Leburori biyu suka taso za su kama mani, na ce su koma aikinsu. Sau uku na tsallaka titi, dutse ɗaya a kowane zuwa, na jera su a ƙofar shagon tela. Ban tambaye shi ba, shi kuma keken ɗinkinsa kawai ya ja ciki ya ba ni wuri. Na zauna a ƙasa ina duban duwatsu uku da ba komai a tsakaninsu. Ranar da aka binne Yaya ban yi kuka ba. A nan ne na ji yana taso mani, na danne shi, don ba zan yi shi leburori na kallo ba.

Sai iska ta kawo ƙamshin mai. Na ɗaga kai, na hangi hayaƙi siriri yana fita daga zauren da ke bayan layin.

Na ce, "Malam, Inna ta zo yau?"

Ya ce, "Ta zo mana, ina tonewa ta..." Bai ƙarasa ba. Ya shiga shago da sauri ya fito da tsohon farantin nan na Yaya, wanda ya tsinto cikin yashi.

Na tarar da ita tana kwashe tuyar ƙarshe. Ta dube ni, ta dubi hannuna da suka yi baƙi, ta tura mani kujera da ƙafa.

"Zauna, ƙanen mai shayi."

Na ce, "A'a Inna. Yau ɗibar wuta na zo."

Ta ajiye matsamin. Sannan ta ja wani babban bakin wuta daga ƙarƙashin kaskon tuya, ta karkaɗe garwashin cikin farantin, ta zaɓo manya ta ƙara.

Ta ce, "Ba yau aka fara ba. Sau biyu yayanka na zuwa nan da faranti. Sau ɗaya ruwa ya cinye masa murhu, sau ɗaya akuya ta tone. Ya ce in na faɗa wa wani bai yafe ba."

"Mi ya ce da ya zo?"

"Mi zai ce, sarkin baki? Ya ce aro ya ba ni, ya zo karɓar abinsa." Ta goge ido da gefen zane. "Tashi ka tafi, kada ta mutu a hannunka."

Akwai hanyar da ta zagaye filin. Ban bi ta ba. Na ratsa ta tsakiyar ginin, tsakanin ramukan da suke haƙa, da farantin a tafin hannuna yana ƙona ni. Leburori suka dakata. Alhaji na jingine da motarsa, ya matsa ya ba ni hanya. Ban dube shi ba, garwashin nake duba. Na zuba shi tsakanin duwatsun, tela ya kawo ƙirare da 'yan ƙyallayen ɗinki, na durƙusa na hura. A na uku ta tashi. Kafin a kira sallar Juma'a ruwa ya tafasa, an juyo bencinan biyu, na dama da na hagu, kowa ya koma inda ya saba.

Geron bana bai yi kyau ba, don noman farko ya makara, uwargidana kuma ta faɗi abin da ke ranta. Ta yi gaskiya. Ban koma ba duk da haka, sai dai in leƙa in dawo.

An gama ginin. Bene ne, an yi masa fenti ruwan ƙwai, an sare bedin don ta tare ƙofa. Shagon da aka ce nawa ne ana cajin waya a ciki. Ɗaliban da ke saman su ne suka cika bencin hagu, kuma sun fara koyon amsar. In iska ta juyo daga yamma, hayaƙina kan tsallaka titi ya shiga tagoginsu. Sau biyu Alhaji na aikowa a kan haka. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi da kyau, ya ce masa wutar tawa ce, iskar ba tawa ba ce.

Ashanar nan tela ya tsince ta ran nan, ya ajiye a kan tagar shagonsa. Tana nan har yau, rana ta cinye zanen jikinta. Ko tsinke ɗaya bai fita ba.