Ranar da Na Sa 'Yata Ta Tona Ciwon Abokina

Da ana mayar da magana ciki, da na mayar da wadda na yi a mahauta wata safiya. Ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah.

Ni mahauci ne a Runjin Sambo, karatuna bai wuce firamare ba. 'Yata ce ta shiga jami'a, tana digiri kan aikin kula da jin daɗin jama'a. A aji uku aka tura su asibiti koyon aiki, suna bin marasa lafiya har gida don kada su yar da magani. Wata rana da la'asar na hango ta da malamarsu suna fitowa daga gidan abokin sana'ata, wanda teburinsa ke jikin nawa tun muna samari.

Tana dawowa na tsare ta a zaure. "Mi kunka je yi gidan nan?"

"Baba, don Allah ka bari. Amana ta. Ita anka fara koya muna."

"Jami'a ta haife ki, ko ni?"

Ta shiga murza bakin hijabinta. Sai na ce in ba ta faɗa ba, ban yafe mata ba. Na san ba za ta iya ɗaukar wannan ba, shi ya sa na faɗa. Tana kuka ta ce tarin tibi ne ke damunsa, amma ya yi nisa da magani, likita ya ce yanzu ba ya sa wa kowa.

Washegari ana fiɗar shanu na ce wa mahauta su sa shi a addu'a. Haka na kira abin, addu'a. Na faɗi sunan ciwon, na bar maganar likita. Kafin azahar labari ya gama kasuwa, ba wanda ya tsaya a teburinsa. Naman ya yi baƙi, ƙuda na bi.

Sai ga shi a gabana, wuƙar aiki a hannunsa. Mutane suka ja baya.

"Wa ya hwaɗa maka?"

Na kasa ɗaga kai.

"Don ɗiyarka ta na bari ta shigo har ɗakina. Ko ƙanena bai sani ba."

Ya ajiye wuƙar a kan teburina ya tafi. Daga ranar ya hana ma'aikatan asibiti shiga gidansa, ya bar magani, ya koma wajen danginsa a Dundaye. Na je sau da yawa, bai fito ba. Bai ga damina ta gaba ba.

'Yata da kanta ta je ta faɗa wa malamarsu abin da ta yi. Aka cire ta daga koyon aikin, ta maimaita shekara. Yau tana aiki, tana gaishe ni da ladabi, amma ban taɓa jin ta ce min laifina ne ba, kuma wannan ya fi yi min ciwo.

Iyaye, in ɗanku ya ce muku abu amanar mutane ne, ku bar shi da amanarsa. Kada ku yi masa barazana da albarka. Don Allah kada ku yi abin da na yi.