Hannun Autanmu

Autanmu gyaran waya yake yi. Rumfarsa tana ƙarƙashin matakalar wani bene a layin 'yan kayan lantarki: teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, ga wayoyin mutane birjik. Tun yana firamare ba a barin rediyo kusa da shi, sai ya farke mata ciki. Allah ya yi masa hannu. Ƙusar da ni ko ganinta ba na yi, shi zai ɗauke ta da hantsaki kamar wasa.

Bayan rasuwar babanmu ciwon ya same shi. Ya fara jin muryoyi, yana cewa ana bin sa. Likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora shi a kan magani, muryoyin suka yi shiru, muka gode Allah. Sai kuma hannu ya kama rawa, wuya ya sandare, tafiya ta koma jan ƙafa. Likita ya ce maganin ne, yakan yi wa wasu haka. Ya ƙara masa wata ƙwaya, amma rawar ba ta tafi duka ba.

Mutane kuwa kun san halinsu. Wannan ya ce shaye-shaye ne, wancan ya karɓe wayarsa tun ba a kwance ta ba. Rumfa ta bushe ƙayau.

Ni ce yayarsa, a gidana yake kwana, kuma ni nake miƙa masa maganin kowace safiya, in tsaya a kansa har ya kurɓi ruwa. To, kwatsam sai hannu ya fara daidaita. Yana ɗaga kofin shayi ba ya zuba. Yana dawowa da fito a baki. Mijina har da tafi, ni kuwa sai na zuba masa ido.

"Ke dai ba kya son alheri," in ji mijina. "Yaro ya samu sauƙi, kin tsare shi da ido kamar ɓarawo."

"Wane irin sauƙi ne wannan, ba a canza masa komai ba?"

Sau ɗaya na sa shi buɗe baki, na leƙa. Na ɗaga katifa, na lalube aljihunsa. Ba komai. Amma na lura ya daina yi mini sallama da safe, sai dai ya ɗaga hannu ya fice da sauri. Autan da bakinsa ba ya hutawa!

Ranar nan na bi shi rumfa. Ina zaune yana aiki, hannun nan tsaf kamar na da, abin har ya ba ni sha'awa. Sai na ga ya ɗan karkata kai wajen bango, ya yi kasaƙe, ya ce a hankali, "Na ji." Ba kowa a wajen sai bango.

Akwai wata tsohuwar waya da ya tura bayan fitila ina shigowa. Na miƙa hannu na ɓalle murfinta. Babu batir. Ƙwayoyi ne cike a gurbin, sun jiƙe sun bushe, sun manne da juna. Ashe a kumatu yake ɓoye su, ya fito da su daga gida.

"Auta! Kashe ni za ka yi?"

Bai yi musu ba. Ya ajiye hantsakin.

"Yaya, da maganin ina da hankali, ba ni da sana'a. Zaman me zan yi?"

"Muryoyin sun dawo, ko?"

"Ba su da ƙarfi tukuna."

Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya hana ni faɗa. Na ce gobe asibiti za mu, likita ya canza masa wani ko ya san yadda zai yi, amma wasa da magani ya ƙare.

Ya kalli hannunsa. Sai ya jawo wayar da yake gyarawa, ya matso da fitila.

"To, na ji. Amma ki bar ni in gama wannan, tun hannun yana nawa."