Karen da Aka Ɗaure wa Baki

A shekarar da aka karya wa Abba hannu ne Inna, kakarmu ta wajen uba, ta taso daga ƙauye ta tare a gidanmu na haya a Gyadi-Gyadi. Abba ɗan jarida ne a wani gidan rediyo. Ya yi rahoto a kan masu kemis da ke sayar da jabun maganin zazzaɓin yara. Ba a jima ba wasu samari suka tare shi a wani lungu a Daurawa, suka yi masa duka, suka fasa masa rakoda, suka bar shi kwance a bakin kwata. Gidan rediyon ko a labarai bai ambaci abin ba. Ashe dillalin maganin yana cikin masu ba su talla.

Kullum bayan magariba Inna kan hura murhu a tsakar gida, ta ɗora ruwan da za ta gasa masa haƙarƙari. Kafin ya tafasa sai mu kewaye ta, har da Nana, 'yar Malam Sabo mai adaidaita sahu da muke haya gida ɗaya. Abba yana kwance a ɗaki, labule kaɗai ya raba mu da shi.

"Ga ta nan tafe, ku matso da kunnuwanku," in ji Inna wata rana, tana iza wuta.

"Ta ƙaraso!" muka amsa.

Ta ce a wani gari an yi wani kare mai yawan haushi. Da duhu ya yi sai ya kama, don shi kaɗai ke jin warin kura a bayan ganuwa. Mutane suka ce ya hana su barci. Wani mahauci, wanda kura ke bar wa ragowar abin da ta kama, ya ce ai mahaukacin kare ne. Aka yi masa duka, aka ɗaure masa baki da igiya. Gari ya yi tsit, kowa ya yi barci mai daɗi. Kura ta fara da awaki. Ran nan ta ɗauke jaririya daga gefen uwarta. Da gari ya waye mutane suka fito da sanduna, suka nufi karen.

"Suka ce masa, 'Kai da ka ji warinta, me ya hana ka haushi?'" Inna ta sauke tukunya. "Suka sake lakaɗa masa duka."

Muka jira ta rufe yadda ta saba, ba ta rufe ba.

"Inna, to da me zai yi?" Nana ta tambaya.

"Ni ma ban sani ba, 'yar nan. Miƙo mini tsumman can."

Da Abba ya warke ya koma aiki, sai aka mai da shi shirin gaishe-gaishe. Bai yi musu ba, mu biyar yake ciyarwa. Da damina ta zagayo zazzaɓi ya kama Nana. Aka sayo mata magani a kemis, aka yi ta ba ta. Kafin a kai ta asibiti jikinta ya riga ya saki. Wata nas maƙwabciyarmu ta duba kwalbar, ta ce ruwa ne da kala.

A wajen zaman makokin Nana, a gaban jama'a, Malam Sabo ya dubi Abba ya ce, "Malam Habu, kai fa ka san su. Ka san shagunan. Me ya sa ka yi shiru?"

Daga ranar Abba bai sake shiga gidan rediyo ba. Yau man inji yake sayarwa a Tarauni.

Na daɗe ina zaton mu yara Inna ta yi wa tatsuniyar, don mu riƙa sauraron mai faɗin gaskiya. Sai da ni ma na zama 'yar jarida, na ga an danne rahotona da safe, da yamma kuma masu sauraro suna bugo waya suna cewa an saye mu, sannan na gane da na bayan labule take. Tana gaya masa ne kada ya jira godiya ta kowane ɓangare.

A ciwonta na ƙarshe na sake yi mata tambayar Nana.

"Da ni mutumiyar garin ce, sai in ce ya yi ta haushi," ta ce. "Amma ni uwar karen ce, Hadiza. Cewa zan yi ya bar musu garinsu."