Laminu da Ɓawon Ƙaguwa

Laminu masunci ne ɗan Dagona, shekara ashirin yana kai bandar kifi kasuwar Nguru. Ba shi da yawan magana, amma in ya zauna gyaran koma, ido ba ya iya bin yatsunsa.

A daminar 1998 ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa, maza suka shiga yanka. Lauje ya goce ya sare shi a wuyan hannun dama. A Gashuwa aka ɗinke fatar, ta warke sumul, sai dai yatsu uku suka mutu. Likita ya ce jijiya ce ta tsinke, bakunanta biyu sun yi nisa da juna. Tun daga nan Laminu kan dafa garwashi wajen banda bai sani ba, sai matarsa Kaltum ta jiyo ƙauri.

Bayan shekara shida, Shuhada, 'yar ƙaninsa, ta zo hutu daga jami'a.

"Baba, akwai sinadarin da ake cirewa daga ɓawon ƙaguwa, ana kiransa kitosan," in ji ta. "Ɗan bututu ake yi da shi, a haɗa bakunan jijiyar, ita kuma ta tsiro ta cikinsa."

"Ƙaguwar nan tamu?"

"Irinta. Amma a jikin ɓeraye ake gwadawa tukuna."

Ya yi dariya. "Ɓera ya samu, masunci bai samu ba?"

Tana komawa makaranta ya tara ƙaguwa, ya shanya ɓawon, ya daka. Ya kira wanzami ya yi masa tsaga bakwai a ƙasan tabon, aka cusa garin, aka ɗaure da tsumma, yadda aka saba sa magani a garinsu. Ko gezau bai yi ba, wanzami har yana yaba jarumtarsa.

Kwana huɗu yana shiga ruwa da ɗaurin. A na biyar Kaltum ta ce, "Malam, hannun nan yana wari."

"Kifi ne."

"Na san warin kifi."

Ta kwance tsumman. Hannun ya kumbura yana sheƙi, wani jan layi ya tashi daga tsagar ya wuce gwiwar hannu. A can sama Laminu ya ji zugi, kamar ana kaɗa ganga.

"Kin gani? Jijiya ta farka."

Kaltum ta miƙe. Ta yafa mayafi ta fita neman motar Gashuwa, ga shi ranar ba kasuwa. Shi kuwa ya zauna a rana yana rawar sanyi, yana murmushi, yana jiran zugin ya sauko yatsu.