Ƙibar Mati Dillali

Mati dillalin hatsi ne a Dawanau, ɗan wani ƙauye a bayan Makoda, kuma tun tasowarsa siriri ne kamar karan dawa. Shekara da shekaru yana bin masu kaya, ba mai damƙa masa abin kirki, don mutanenmu, Allah ya shirye su, tumbin dillali suke fara dubawa kafin halinsa.

Sai a shekarun da masara ta gagari talaka, kowa na ramewa, Mati ya fara cika. Ƙafafu suka ƙi shiga takalmi, ciki ya turo riga, fuska sai sheƙi. Nan da nan aka naɗa masa Alhaji, mutumin da ko filin jirgi bai taɓa leƙawa ba. Masu kaya suka shiga nemansa, a masallaci ana ba shi wuri a sahun gaba.

Matarsa Huseina ce kaɗai ke jin hakin da yake yi in ya kwanta, ita ta tasa shi gaba har asibiti. Malamar asibiti ta danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa.

"Baba, wannan ruwa ne, zuciyarka ce ta gaji," in ji ta. "Ga ƙwayar da za ta fitar da ruwan ta fitsari, ɗaya kullum da safe. A rage gishiri da magi. In ka ji jiri ka dawo, kuma kada ka daina sai mun ce."

Ya sha kuwa. Ana tsakar ciniki sai ya ɗauki buta ya ruga bayan rumfa. Numfashi ya dawo, takalmi ya shiga, amma riga ta koma yawo a jikinsa. Ranar da wani mai wake ya ƙare masa kallo ya ce, "Alhaji, ko karayar arziki ce?" ya kuma kai kayansa wurin wani, ranar Mati ya ajiye ƙwayar.

"Malam, kashe kanka za ka yi," in ji Huseina tana hawaye.

"Bari kaka ta wuce tukuna," ya ce. "Wa zai ba ramamme amanar buhunsa?"

Kumburi ya dawo, bai kuwa ga ƙarshen kakar ba. Masu ɗaukar makara sai canji suke suna nishi. A zaman makoki abokan kasuwa suka yi ta yabonsa, wai bawan Allah ya iya nema, duk tsananin nan bai taɓa jikinsa ba. Abin takaici, Huseina na ji daga ɗaki, ga 'yan ta'aziyya cike da tsakar gida suna jiran abincin gidan Alhaji, rumbu kuwa ko dami ɗaya babu.